TAMBAYA DA AMSA: Inaso in zama malamin wasan sandar Filifin, ta ina zan fara a nan Legas?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa a filin namu na wasanni da motsa jiki. Wannan makon saƙonni huɗu na ɗauko kuma duk akan abu ɗaya suke, wasan sandar nan na mutanen Filifin da ake kira arnis. Tambaya ta farko ita tafi cin wuri saboda akwai kuɗin mutum a ciki.

TAMBAYA: Salam Koci, barka da ƙoƙari Allah ya ƙara basira. Ni matashi ne ɗan Katsina amma a Agege nake zaune, da acaba nakeyi kafin a hana mu shiga Ikeja, yanzu gadin dare nake a wani kamfani. Na taɓa dambe tun ina yaro. Kusan shekara biyu kenan ina kallon bidiyon arnis a YouTube ina kwaikwaya da sandar mofa, har abokaina suna cewa hannuna ya faɗa. Toh shine naga wani talla a Facebook wai in na biya dala 300 zasu turo min darussa, in ɗauki kaina a waya in tura musu, cikin wata ɗaya su bani satifiket na cikakken malami. Burina in buɗe wajen koyarwa a unguwarmu, kuma gaskiya kuɗin na aure ne nake tarawa. In biya ko in haƙura? (Daga wani ɗan'uwa a Agege)

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Kar ka biya, dan Allah ka bar kuɗin aurenka inda suke. Burinka mai kyau ne kuma ana cimmasa, amma ba ta wannan ƙofar ba, bari in maka bayani dalla dalla don kar kaga kamar kashe maka gwiwa kawai nakeyi.

Abu na farko da ya kamata ka sani, wasan nan bashi da hukuma guda ɗaya a duniya da take buga tambari tace wane ya zama malami. Arnis, eskrima, kali, duk sunaye ne na dangin abu ɗaya, kuma a ƙarƙashinsu akwai gidaje da yawa, kowane gida da nashi tsarin da nashi jarabawar da nashi shugaban. Eh gaskiya ne gwamnatin Filifin ta ɗauki arnis a matsayin wasan ƙasa, dokar da ake kira Republic Act 9850 wadda shugaba Gloria Macapagal Arroyo ta sa wa hannu a watan Disamba 2009, har ta sa ana koyar dashi a darasin motsa jiki na makarantu, amma dokar bata mayar da gidajen sun zama ɗaya ba. Akwai Doce Pares da aka kafa a birnin Sebu a 1932, gidan da iyalan Cañete suka shahara dashi. Akwai Balintawak na Venancio Bacon, shima a Sebu a shekarun 1950, sunan ma na titin da suke atisaye ne. Akwai Modern Arnis na Remy Presas, akwai Pekiti-Tirsia na Leo Gaje da ya gada daga kakansa, akwai kuma reshen Amurka inda Dan Inosanto, almajirin Bruce Lee, yake da makarantarsa a Kalifoniya. Kai ko a cikin gida ɗaya ma ana rabuwa, da Remy Presas ya rasu a 2001 manyan almajiransa kashi kashi sukayi, kowa da ƙungiyarsa kuma kowa yana bada takarda.

Kaga kenan ita takardar da kanta ba komai bace, kowa zai iya zuwa wajen masu firinta a Shomolu ya buga mai ruwan zinare. Darajarta tana wajen sunan wanda ya sa hannu a ƙasa. Tunda kayi dambe zaka fi kowa gane wannan, in sabon yaro ya shigo fili ba wanda yake tambayarsa takarda, cewa akeyi yaron waye, shiyasa kakejin Shagon wane, Autan wane, sunan ubangidan shine shaidar. Toh a wasan sanda ma haka abin yake, ranar da ka haɗu da masu abin tambayar farko da zasu maka ita ce waye guro ɗinka, wato malaminka, kuma shi waye ya koya masa. In ka ambaci sunan da ba wanda ya sani, ko kace ai a onlayin nayi wata ɗaya, zasu gaisa dakai cikin mutunci amma maganar ta ƙare a nan.

Sannan ka duba yadda gidajen kirki suke tsara abinsu. Wajen Inosanto mutum yana fara zama malami mai koyon aiki, daga nan ya hau mataki na tsakiya, sannan cikakken malami, kuma shekaru ake kwashewa tsakanin kowane mataki. A Modern Arnis baƙar ɗamara sunanta lakan ga namiji, dayang ga mace, ita ma hawa hawa ce har goma. A reshen Balintawak na Bobby Taboada matakai 7 ne, na bakwai ɗin shine ake kiran mutum cikakken malami, kuma a gaban mutane ake gwada shi. Babu ko ɗaya a cikinsu da yake cewa wata ɗaya.

Dalilin da yasa abin yake cin lokaci shine abinda bidiyo bazai taɓa baka ba. Abinda kake gani a YouTube, juya sanda biyu ɗin nan da ake kira sinawali, da kusurwoyin bugu 12 da yawancin gidaje suke farawa dasu, wannan duk mutum zai iya haddacewa shi kaɗai a tsakar gida, kuma ban raina ƙoƙarinka ba wallahi, shekara biyu kana abu ba mai tsaya maka ba ƙaramin naci bane. Amma ainihin wasan yana cikin tazara da lokaci, yaushe sandar abokin karawa zata iso, taku nawa ne tsakaninku, ina hannunka na hagu yake lokacin da na dama yake bugu, don shi hannun da ba komai a ciki shine yake tare hannun abokin gaba yana danne shi, kuma yawancin masu koyo daga waya a rataye suke barinsa kamar ba nasu ba. 'Yan Balintawak ma gaba ɗaya koyarwarsu mutum da mutum ce, malami ya tsaya gab dakai yana kawo maka bugu kana karewa, yana ƙara sauri daidai yadda yaga zaka iya ɗauka, in ka buɗe wuri ya taɓa ka a nan take don jikinka ya riƙe. Ta ina waya zata maka wannan? Kuma ka tuna su sandar a madadin adda take, duk inda ta taɓa ana lissafin kaifi ne ya taɓa, shiyasa suka fi kai hari kan hannun da yake riƙe da makami. Mutumin da ba a taɓa bugun yatsunsa a atisaye ba bai san yadda zai kare yatsun ɗan wani ba, kai kuma 'ya'yan mutane kake shirin tarawa.

Toh me zakayi? Ga yadda nake gani.

Ka zaɓi gida ɗaya ka tsaya a kai, kar ka zama yau Pekiti gobe Doce Pares, don hatta lambar kusurwoyin bugun ba iri ɗaya bace tsakaninsu, zaka rikita kanka ne kawai. In ka zaɓa ka shiga shafin ainihin ƙungiyar ka rubuta musu kai tsaye, ka gaya musu gaskiyar halinka, kana Legas, baka da malami, kana da abokai da suke so. Ƙungiyoyi da dama suna da tsarin da suke ba mutum izinin jagorantar rukunin masu koyo kafin ya kai matsayin malami, wato kai ma ɗalibi ne amma kai kake tara mutane kuna bin manhajarsu, suna duba ku ta bidiyo, sannan jarabawa ta gaske sai an haɗu ido da ido. Wannan shine amfanin onlayin na halak, taimako ne kafin haɗuwa. Kuma aikinka na dare ma ya maka daidai, Filifin tana gabanmu da awa 7, in ka tashi aiki ƙarfe 6 na safe su can ƙarfe 1 na rana ne.

Duk wanda yace zai koya maka, a waya ne ko a nan Legas, ka masa tambayoyin nan ba kunya: waye malaminka, wace shekara ya baka izinin koyarwa, sunanka yana cikin jerin malaman da ke shafin ƙungiyar? Sai ka bincika da kanka. Malamin gaske daɗi yakeji in an tambaye shi malaminsa, zai ma cika ka da labari. Wanda ya fara kame kame ko ya hau fushi toh ka kama gabanka. Ka tambayi maganar kuɗi ma tun farko, don wasu ƙungiyoyin duk shekara ake sabunta rijista kuma da dala, gara ka sani kafin ka shiga.

Ka nemi abokan atisaye ko mutum uku ne masu naci. Ka riƙa leƙawa babban filin wasa na Surulere da safe, 'yan karate da taekwondo da judo da 'yan boksin duk suna wajen, a bakinsu ake fara jin in wani baƙon malami zai shigo gari yin semina. Akwai kuma 'yan Filifin da suke aiki a Legas, a kamfanoni da otal otal, in Allah ya haɗa ka da wani ka tambaye shi, sai dai ba kowane ɗan Filifin bane malami, da yawa ɗan abinda aka koya musu a makaranta ne kawai suka sani.

Sandar mofa kuma ka ajiye ta daga yau, in ta karye tsini takeyi kuma ido takan nema. Abinda ake amfani dashi shine ratan, irin wanda ake saƙa kujerun ken dashi, tsawon kamar inci 28, shi in ya gaji tsagewa yakeyi ya zama zare zare a maimakon ya ɓalle. Kaje wajen masu saƙar kujeru na Mende a Maryland ka zaɓi mai kauri da fatarsa a jiki su yanka maka, ba sai kayi odar waje ba.

A cikin filin wasan na Surulere akwai cibiyar horar da kociyoyi ta ƙasa, NIS, suna kwasa kwasai na koyar da wasanni. Takardarsu bazata mayar dakai malamin arnis ba, amma zata koya maka yadda ake tsara tirenin da yadda ake kula da jikin ɗalibi, kuma ita ce irin takardar da makaranta ko jim a Najeriya zasu gane in kaje neman aiki. Ka haɗa da horon agajin gaggawa irin na Red Cross, wannan kam a wajena dole ne ga duk mai sa mutane su riƙe sanda. Rijistar suna a CAC, hukumar rijistar kamfanoni, sai daga baya in abu ya kankama.

Maganar zuwa Filifin kuwa, in Allah ya hore wata rana kaje, Sebu ko Manila, don babu kamar ka zauna a gidan abin. Ofishin jakadancinsu yana Abuja, sai da biza, jirgi kuma yawanci ta Doha ko Dubai ake bi. Amma kar kaje da hannu biyu babu shiri, ka fara gina tushe kuma ya zama akwai malamin da yake jiranka da takardar gayyata, don wanda yaje da tushe abinda zai kwaso a sati uku yafi na wanda yaje fanko ya zauna wata uku. Wata dabarar ma da tafi sauƙi, in rukuninku yayi ƙarfi ku haɗa kuɗi ku gayyato malamin ya zo Legas, tikitin mutum ɗaya kowa ya amfana. Ka sa a ranka shekaru zakayi, kayi aurenka a cikin shekarun, Allah ya sanya alheri.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Ni malamar Islamiyya ce a Idi-Araba, inaso in koyi wannan wasan don in riƙa koya wa 'yan mata kare kai, amma ina tunanin hijabi da kuma cakuɗuwa da maza. Mace tana iya kaiwa matsayin malama kuwa? (Daga wata 'yar'uwa a Idi-Araba)

AMSA: Lafiya lau Malama, Allah ya saka da alheri da wannan niyya. Ƙwarai kuwa mace tana kaiwa, kin ga ma a sama na faɗa cewa a Modern Arnis har suna na musamman gareta, dayang, kuma a gasar wasannin kudu maso gabashin Asiya ta 2019 da akayi a Filifin mata sun fafata a arnis sun ci zinare kamar yadda maza suka ci. A ganina ma cikin wasannin kare kai wannan yana cikin waɗanda suka fi dacewa da yanayinki, saboda ƙarfin damtse ba shine kan gaba ba, taku ne da saurin ido, kuma darussan farko duk akwai tsawon sanda tsakaninki da abokiyar atisaye, ba riƙe riƙe kamar judo. Sai an yi nisa ake zuwa ɓangaren hannu da hannu da ƙwace makami, shi kuma sai ki yi da mace 'yar'uwarki, shiyasa zan ce kar ki fara ke kaɗai, ki samu ko mutum biyu cikin malamai ko manyan ɗalibanki ku fara tare.

Hijabi baya hanawa, amma dogon nan mai kaiwa gwiwa sanda zata riƙa sarƙewa a ciki kuma haɗari ne, ki samu gajere wanda ya kama fuska ya tsaya a ƙirji, da riga mai dogon hannu da wando mai faɗi, ban da fil ko allura a wuya. Ki gaya wa duk malamin da zaki bi sharuɗɗanki tun ranar farko. Abu ɗaya kuma da nake roƙonki, in kin fara koyarwa kar ki bari yaran su ɗauka wata uku na sanda ya isa su tsaya da ɗan daba mai wuƙa, ki koya musu lura da hanya da ihu da gudu tare da bugun, malaman kirki na wasan ma haka suke koyarwa. Ki nemi yardar iyaye da hukumar makarantar a rubuce.

TAMBAYA: Koci naji ance wasan nan akwai tsafi a ciki kuma ana rusuna wa malami, gaskiya ne? Bana so in shiga abinda zai taɓa min addini. (Daga Mile 12)

AMSA: Tambaya mai kyau ɗan'uwa. Gaskiya ne wasu daga cikin tsofaffin 'yan wasan na da suna ɗaura layu da suke kira anting-anting, suna kuma karanta wasu addu'o'i nasu da ake cewa orasyon don neman kariya, wannan yana cikin tarihinsu ba a ɓoye yake ba. Amma ba ya cikin manhajar da ake jarraba mutum a kai, zaka iya tashi daga farko har ka zama malami ba wanda ya miƙo maka laya, in kuma wani ya miƙo kace a'a ka bar wajensa. Gaisuwar buɗe darasi kowane gida da tashi, yawanci ɗora sanda ko hannu ne a ƙirji ko goshi, wasu suna haɗawa da ɗan sunkuyar da kai. Ka gaya wa malamin kai Musulmi ne zaka tsaya a hannu a ƙirji, ba baƙon abu bane a wajensu don Filifin kanta tana da Musulmi miliyoyi a kudu, Maranao da Maguindanao da Tausug, masu nasu takubban irin kris da barong da kampilan, kuma a tsakiyar Manila ma akwai babban masallaci a unguwar Quiapo. Hukuncin sunkuyawar kansa kuwa ka kai wa malamin unguwarku, ni kocin wasa ne, fatawa tasu ce.

TAMBAYA: Oga in na samu satifiket ɗin zan iya yawo da sanda ko wuƙar atisaye a jikina ba matsala da 'yan sanda? (Daga Alaba Rago)

AMSA: A'a maigida, satifiket ɗin wasa ba lasisin riƙe makami bane, a nan ko a ko'ina. Ka san yadda garin nan yake da maganar 'yan ƙungiyar asiri da faɗan unguwa, kuma ka san yadda ake saurin yi wa ɗan Arewa kallon zargi in an ga ƙarfe a jikinsa, kar ka ba kowa hanya. Sandunanka su zauna cikin jaka mai zif daga gida zuwa wajen atisaye, tare da kayan wasanka da katin ƙungiya in kana dashi. Wuƙar atisaye ka sayi ta roba ko ta katako mai launi wadda kowa ya gani ya san ba ta gaske bace, ta alminiyon ɗin nan mai ƙyalli ka barta a wajen tirenin kar ka hau danfo da ita. Wajen da zaku riƙa taruwa ma ku sanar da Sarkin Hausawan yankin da shugabannin unguwa, in da hali har ofishin 'yan sanda mafi kusa, don matasa goma da sanduna a fili da sassafe wanda bai sani ba wani abin zai ɗauka. In kuma kun kai ga gwada juna da gaske sai da hular kariya mai raga a fuska da safar hannu mai kauri da rigar kariya, irin kayan da ake sawa a gasar WEKAF, ƙungiyar shirya gasannin wasan sandar da aka kafa a Sebu a 1989, inda ake turmi 3 kowanne minti ɗaya. Kafin ku samu kayan ku tsaya a atisayen da aka tsara, a hankali, kowa ya san bugun da zai zo masa.